Kafin ka yi wa kwamfutarka fomatin

Duk mai zuwa wuraren biki da filin hawan Sallah ya ga yadda masu rataye da kyamara suka yawaita a 'yan shekarun nan. Ba dukansu ne masu sana'a ba. Akwai ɗalibai, akwai ma'aikatan ofis da ke ɗaukar hoto a ƙarshen mako, akwai 'yan mata da ke shiga cikin gida wurin kamu da walima inda namiji ba zai kutsa ba. Da yawansu hannunsu ya faɗa, sun san haske, sun san inda ake tsayawa. Cikas ɗin yana zuwa ne bayan an dawo gida, an zare memori, an zauna gaban kwamfuta. Manhajar gyaran hoto ta ƙi buɗewa, ko ta buɗe ta tsaya cak, ko hoton da ya yi fes a allo ya fito a takarda da duhu, launinsa ya dusashe.

Abin da ya fi damuna shi ne maganin da kowa ya haddace. Ka kai kuka wurin aboki ko wurin mai gyara, kafin ka rufe baki ya ce, "Kawo a yi mata fomatin." A share komai, a sake ɗora Windows, a sake ɗora manhaja, ka biya kuɗi ka koma gida. Ba a jima ba matsalar ta dawo yadda take, domin ba a taɓa tushenta ba. Wani lokaci ma sharar ta tafi da hotunan sunan ɗan wani, ko na ɗaurin auren da ba za a sake yi ba. An bar jaki ana dukan taiki. Ni a ganina, mutumin da ya iya koyon buɗin idon kyamara da saurin ƙiftawarta zai iya koyon bin sawun matsalar manhaja da kansa, kuma wannan koyon yana cikin ɗaukar hoto kamar yadda sanin haske yake ciki.

Tambayar farko ita ce: me ya canza? Manhaja ba ta wayar gari haka kawai ta yi yaji. Jiya tana aiki, yau ta ƙi, to tsakanin jiya da yau an yi wani abu. Ko Windows ta sabunta kanta da dare, ko an ɗora wani sabon abu, ko an sayi sabuwar kyamara, ko an jona faifan ajiya a wata kafa daban, ko kuwa faifan ya cika. Idan ka gano abin da ya canza, ka ci rabin aikin. Sannan a riƙa gwada abu ɗaya-ɗaya. Wanda ya taɓa abu biyar a lokaci guda, ko da matsalar ta tafi, bai san wanne ya kore ta ba, kuma ranar da ta dawo zai koma farko. Haka kuma a gwada wani hoton daban. Idan hoto ɗaya ne ke jawo rikici, laifin na fayil ɗin ne. Idan duk hotuna ne, sai a dubi manhaja ko kwamfutar.

Akwai kuma ɗabi'ar danna maɓalli a kori saƙon da ya fito ba tare da an karanta ba. Na san saƙon da Turanci yake zuwa, Turancin ma irin na injiniyoyi. Amma wannan ɗan akwatin shi ne kaɗai bakin da manhajar take da shi. Ka ɗauke shi hoto da wayarka kafin ka rufe. Ka rubuta kalmominsa daidai yadda suke a wurin bincike na intanet, tare da sunan manhajar da lambar sigarta. Da wuya ka zama mutum na farko a duniya da ya ga wannan saƙo.

Ɗauki wanda ya fi yi wa masu amfani da Photoshop sallama, wato saƙon da ke cewa wurin ajiyar wucin-gadi ya cika. Idan RAM ya ƙare wa Photoshop, yakan ari wuri a faifan kwamfuta ya riƙa zuba aikinsa a ciki. Hoton kyamara mai megafiksel 24, idan an buɗe shi da zurfin launi na bit 16, yana cin kimanin megabait 144 tun kafin a taɓa shi. Kowane shafi da aka ɗora a kansa yana ƙara nauyi, kowane mataki da manhajar ke tunawa don a iya komawa baya shi ma yana cin nasa. To idan faifan da Windows ke ciki ya riga ya cika da finafinai da hotunan bara, ina za a ara? Maganin bai wuce a kwashe kaya a ba shi fili ba, ko a nuna masa wani faifan. Idan ma ya ƙi buɗewa gaba ɗaya, riƙe Ctrl da Alt lokacin da yake tashi yana fito da wurin zaɓen wani faifai. Wani lokacin kuma faifan bai cika ba, hannu ne ya zame: mutum yana son yanke hoto zuwa fiksel 1000 sai ya bar ma'aunin a kan inci. Inci 1000 a kowane gefe, ko da a fiksel 72 a inci ne, fayil ne da ya haura gigabait 15. Ba kwamfutar da aka saya hannu-na-biyu a kasuwa da za ta ɗauki wannan cikin lumana.

Maganar kwamfutar kanta ba abin tsallakewa ba ce. Yawancinmu tsofaffin kwamfutocin ofis ne da aka shigo da su daga waje muke aiki da su, wasu da RAM na gigabait 4, alhali Adobe, kamfanin da ke yin Photoshop, da kansa gigabait 8 yake nema a mafi ƙaranci, yana ba da shawarar 16. Ga kuma yanayin ƙasarmu. Ƙurar hunturu tana toshe fankar kwamfuta, sai bazara ta zo, zafin Afrilu ya kai digiri 40, ga shi an ɗora ta a kan katifa ko darduma an rufe mata hanyar iska. Kwamfuta idan ta ji zafi ya yi yawa takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Mai ita sai ya ga Lightroom, manhajar gyaran hoto ta Adobe, yana jan ƙafa, ya ce manhaja ta lalace. A buɗe a hure ƙurar, a ɗora ta a kan tebur, a jona ta da caji lokacin aiki. Wanda yake da ɗan hali ya ƙara RAM, ya musanya tsohon faifai mai juyawa da SSD. Wannan kuɗin ya fi na fomatin amfani nesa ba kusa ba.

Idan kuwa allon ne ke yin baƙi, ko hoto ya riƙa ƙyaftawa, ko manhaja ta mutu da zarar an taɓa wani abin gyara, galibi katin zane ne da direbansa. A cikin saitin Photoshop da na Lightroom akwai wurin kashe amfani da katin zane. Ka kashe, ka sake buɗewa. Idan matsalar ta ɓace, ka kama ɓarawonka: sai ka je shafin Intel ko Nvidia ko AMD ka sauko da sabon direba. Idan saitin manhajar ne ya rikice, riƙe Ctrl da Alt da Shift lokacin buɗe Photoshop yana mayar da shi yadda ya zo daga kamfani, cikin daƙiƙu kaɗan, ba tare da an taɓa hoto ko ɗaya ba.

Sai batun RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ke ajiyewa, inda sabon shiga ya fi shan wahala. JPEG tsari ne guda da duniya ta amince da shi tun 1992, kowace na'ura ta san shi. RAW ba haka yake ba. Kowane kamfani da nasa: Canon na da CR2 da CR3, Nikon na da NEF, Sony na da ARW, Fujifilm na da RAF. Kuma ko a kamfani ɗaya, kowace sabuwar kyamara sai an koya wa manhaja karanta fayil ɗinta. Canon ya fito da CR3 a 2018 tare da kyamarar EOS M50. Photoshop CS6, wanda har yau yana cikin kwamfutoci da yawa a garuruwanmu, na 2012 ne, kuma Adobe ya daina sabunta masa sashen karanta RAW tun 2015. Ko sau goma aka sake ɗora shi ba zai buɗe CR3 ba. Fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, manhajar ce ta girme shi. Akwai mafita biyu kuma duk kyauta ne. Adobe na da wata 'yar manhaja mai suna DNG Converter da ke mayar da sabon RAW zuwa DNG, tsarin da ya ƙirƙiro a 2004, wanda tsofaffin manhajoji ke karantawa. Ko kuma ka sauko da manhajar kamfanin kyamararka: Digital Photo Professional ta Canon, NX Studio ta Nikon, Imaging Edge ta Sony. Irin wannan ce ke faruwa da hotunan iPhone, waɗanda tun 2017 suke zuwa a tsarin HEIC.

Wani abin da ake ɗauka matsala alhali ba ita ba ce: ka shigar da RAW, ya fito da kyau na ɗan lokaci, sai ka ga ya sauya ya yi fari-fari, launinsa ya kwanta. Abin da ka fara gani ƙaramin JPEG ne da kyamara ta dafa ta cusa a cikin fayil ɗin. Na biyun shi ne ɗanyen hoton, yana jiran hannunka. A nan ne amfaninsa yake. JPEG matakin haske 256 yake riƙewa a kowane launi, RAW mai bit 14 kuwa 16,384. Wanda ya taɓa ɗaukar dattijo baƙin mutum cikin farar shadda da rawani, da rana tsaka a filin Idi, ya san darajar wannan bambanci. A JPEG ko dai shaddar ta ƙone aikinta ya ɓace, ko fuskar ta nutse a duhu. A RAW sau da yawa ana iya ceto duka biyun.

Dole in taɓo manhajar sata, domin ita ce uwar matsaloli da yawa, kuma an fi son a yi shiru a kanta. Na fahimci dalili. Tun 2013 Adobe ya daina fitar da sabon Photoshop a mallaka, sai dai haya wata-wata. An yi shekaru da dama ana biyan kimanin dala 10 a wata kuɗin Photoshop da Lightroom a haɗe. Ga ɗalibi a Amurka kuɗin abincin rana ne. Ga ɗalibi a Kano ko Zariya, musamman bayan faɗuwar darajar naira tun daga 2023, nauyi ne na gaske. Ba na ganin adalci a tsarin da ke sa farashi ɗaya ga aljihu biyu masu nisa haka, kuma ko a can ƙorafi bai ƙare ba: a watan Yuni na 2024 hukumomin Amurka sun kai Adobe kotu kan zargin ɓoye tarar da ake ɗora wa mai son soke haya kafin shekara ta cika. Duk da haka manhajar sata ba mafita ba ce. Ban da maganar haƙƙi, ba ta sabuntuwa, don haka ba za ta san sabuwar kyamararka ba. Kuma kafin a ɗora ta ana cewa ka kashe rigakafin kwamfutarka, wato ka buɗe ƙofa da hannunka. Akwai wata cutar kwamfuta da ake kira STOP ko Djvu, wadda ta yaɗu a duniya musamman ta cikin irin waɗannan manhajoji. Tana kulle duk fayilolin mutum ta nemi kuɗin fansa. A irin wannan hali ne fomatin yake da gurbi, amma ba zai dawo da hotunan da aka kulle ba.

Ga mai son hoto da ba ya cin abinci da shi, manhajojin kyauta sun ishe shi. Akwai darktable da RawTherapee don gyaran RAW. Akwai GIMP, wanda ɗalibai biyu suka fara a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a tsakiyar shekarun 1990, kuma sigarsa ta 3.0 ta fito a Maris na 2025. A waya akwai Snapseed na Google. Ba zan ce suna da sauƙin koyo ba. Darktable musamman sai an yi haƙuri da shi. Amma halal ne, suna sabuntuwa, kuma ba wanda zai rufe maka su ranar da katinka ya ƙi biya.

Launi shi ne wurin da ake yawan zargin mai wankin hoto ba da haƙƙinsa ba. Ka gyara hoto ya yi kyau, ka tura wa amarya, a wayarta ya fito a dusashe. Kusan ko yaushe dalilin ɗaya ne: an fitar da shi a Adobe RGB ko ProPhoto RGB, tsare-tsaren launi masu faɗi waɗanda ba kowace na'ura ke fassara su daidai ba. Tsarin da waya da intanet da yawancin injinan wanki suka sani shi ne sRGB, wanda HP da Microsoft suka tsara a 1996. Ka yi aikinka a duk tsarin da kake so, amma a wurin fitarwa ka zaɓi sRGB. Idan kuma takarda ce ke fitowa da duhu, dubi allonka. Mun saba ƙure hasken allo, sai hoto mai duhu ya yi kama da mai haske, takarda kuwa ba ta da fitila a bayanta. Rage hasken, ka wanke ƙaramin hoto ɗaya gwaji kafin ka ba da na albam. Ka kuma tabbata ka kashe saitin nan na dare da ke sa allo ya yi ja-ja don kare ido, in ba haka ba za ka yi ta ƙara shuɗi kana gyara cutar da babu ita. Wanda kuma ya tura hoto ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar ta matse shi ta rage girmansa, sai mai wanki ya buga shi babba ya fito a farfashe. A tura shi a matsayin fayil.

Akwai wata damuwa da ta shafe mu kai tsaye. Matasa na sauko da saitunan launi da wasu suka haɗa a Turai ko Amurka, a danna sau ɗaya hoto ya sauya. An gwada waɗannan saituna ne a kan wata fata daban da wani haske daban. A kan fuskar Bahaushe sai ka ga ta koma ruwan lemo, ko ta yi furu-furu. Wannan tsohuwar magana ce a tarihin hoto: tun shekarun 1950 katin da Kodak ke raba wa masu wanki don daidaita launi hoton Baturiya ne a jikinsa, kuma sai a 2021 Google ya fito yana tallar wayar Pixel 6 da cewa an gyara kyamararta don ta ga baƙar fata yadda take. Gyaran yana hannunka: ka fara daidaita farin hoton da wani abu fari ko toka-toka da ke ciki, sannan ka lallaɓa launin lemo da ja, domin a nan fata take. Abin da ba na goyon baya shi ne a mayar da wannan dabara hanyar yi wa mutane bilicin a kwamfuta. Wasu na nema, na sani. Amma hoton da jikoki za su gani ya kamata ya zama fuskar kakarsu ce.

Mafi zafin asara tana zuwa ne daga rashin fahimtar katalog. Lightroom Classic ba ya haɗiye hotunanka. Yana riƙe da fayil ɗaya ne da ke rubuta inda kowane hoto yake a faifai da irin gyaran da ka yi masa. Idan ka matsar da folda ko ka sake mata suna ta bayan fage, sai alamar tambaya ta fito a kanta, alamar motsin rai a kan hotunan. Haka ma idan Windows ta kira faifanka na waje E jiya, yau ta kira shi F. Hotunan suna nan. Danna folda da maɓallin dama, ka nuna wa Lightroom sabon wurin, komai ya dawo da gyaransa. Kuskuren da ake yi shi ne a sake shigar da su a matsayin sababbi, ko mafi muni, mutum ya ga hotuna a cikin Lightroom ya ɗauka suna da ajiya, ya goge na asali don ya sami fili. Kuma da yake katalog ɗin ana rubutu a cikinsa kusan ko yaushe, ɗauke wuta a tsakiyar aiki na iya lalata shi. Mai kwamfutar tebur, ko mai tafi-da-gidanka da batirinta ya mutu, ya nemi UPS. Idan manhajar ta tambaye ka lokacin rufewa ko ta ajiye kwafin katalog, ka ce mata to, ka kuma nuna mata wani faifai daban.

Kada a ɗauka biyan kuɗi ga babban kamfani kariya ce. A watan Agusta na 2020 wani sabunta Lightroom na iPhone da iPad ya goge hotuna da saitunan mutanen da ba su ɗora su a ma'ajiyar intanet ba, kuma Adobe ya fito ya ba da haƙuri ya ce ba za su dawo ba. Mai ɗaukar hoto ɗan Amurka Peter Krogh ya yaɗa wata ƙa'ida da ake kira 3-2-1: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. A wurinmu data na da tsada, ɗora RAW dubu a intanet ba wasa ba ne. Amma faifan waje guda biyu, ɗaya a ɗakinka ɗaya a gidan ɗan'uwa, abu ne mai yiwuwa. Hoton bikin mutane amana ce tun daga lokacin da ka danna maɓalli har ka miƙa shi.

Memorin kyamara ma a kula da shi. Akwai na jabu a kasuwa, an rubuta gigabait 128 a jiki alhali cikinsa bai kai haka ba. Yana karɓar hotuna kamar gaske, sai an zo buɗewa a tarar na baya sun lalace. Wata 'yar manhajar kyauta mai suna H2testw tana cika kati ta karanta shi ta faɗa maka gaskiyar girmansa, kuma ranar da aka saya ake wannan gwaji, ba ranar biki ba. Idan kuwa ƙaddara ta faɗa, kwamfuta ta ce kati ya lalace a yi masa fomatin, kada ka amsa mata. Zare shi, kada ka sake ɗaukar ko hoto ɗaya a kansa, domin abin da aka goge yana nan kwance har sai an rubuta wani a kansa. PhotoRec kyauta ne, Recuva ma na da sigar kyauta, kuma sukan tsamo mafi yawan abin da ke ciki. Abin da aka tsamo a zuba shi a faifan kwamfuta, ba a kan katin da ake ceto ba.